Footscray, unguwar bakin kogi a Melbourne: su wa ke zaune a cikinta, kuma ina matsayin harshen Biyetnam?

Wani ɗan'uwa da ya sami gurbin karatu a Jami'ar Victoria da ke birnin Melbourne, a ƙasar Ostareliya, ya aiko da tambaya. Ya ce an nema masa gidan haya a wata unguwa ta bakin kogi mai suna Footscray, da ya duba hotunan wurin sai ya ga allunan shaguna ɗauke da rubutun boko mai ɗigo-ɗigo da 'yan ƙugiyoyi sama da ƙasa. Aka ce masa ai unguwar 'yan Biyetnam ce. Yana so ya san yadda wurin yake, ko da gaske su suka fi yawa, da kuma ko sai ya koyi harshensu kafin ya iya zama da iyalinsa a can.

Malam, Allah Ya sanya albarka a karatun, Ya kai ku lafiya. Ka kwantar da hankalinka game da harshe. Da Turanci za ka yi rajista, ka hau jirgin ƙasa, ka ga likita, ka yi cefane, har a shagunan 'yan Biyetnam ɗin. Kuma ba su suka fi yawa a unguwar ba. Abin da ka gani a hotuna fuskar kasuwa ce, kasuwar kuwa suna da babban rabo a cikinta, ba musu. Sai dai masu kwana a Footscray daban, masu zuwa cin kasuwarta daban. Kafin ka gane yadda aka yi haka sai mun fara daga kogin, domin shi ya yi unguwar.

Sunan kogin Maribyrnong. Ruwansa daga tuddan Macedon yake tasowa, arewa maso yamma da Melbourne, ta manyan rafuka biyu, Deep Creek da Jacksons Creek, waɗanda suke haɗuwa ba nisa da filin jirgin saman birnin. Daga nan ya yi kudu yana karkacewa, har ya faɗa cikin kogin Yarra dab da tashar jiragen ruwa, su biyun su zuba a mashigin teku na Port Phillip. Footscray tana gaɓar yamma, kimanin kilomita 5 daga tsakiyar birni. Da yake bakin kogin yana kusa da teku, duk lokacin da teku ta ciko sai ruwan gishiri ya turo ya hau cikinsa. Shi ya sa Turawan farko suka riƙa kiran sa kogin ruwan gishiri, sai a 1913 aka mayar da sunan Maribyrnong, wanda aka ɗauko daga harshen 'yan asalin ƙasar. Ƙasar dai ta al'ummomin Wurundjeri da Bunurong ce tun shekaru dubbai kafin Bature ya kafa Melbourne a 1835, kuma za ka ji ana ambaton su a farkon kusan kowane taro na hukuma ko na jami'a.

Ƙasan unguwar baƙin dutse ne, ragowar narkakken dutsen da tsaunuka suka yi amansa a zamanin da, ya malale ya rufe yammacin jihar Victoria. A saman dutsen akwai baƙar laka mai kumbura da damina, mai tsagewa da rani. Ruwan sama a wannan ɓangare bai kai na gabashin birni ba, itatuwa kuma ba yawa, fili ne fetal. Masu hannu da shuni sai suka yi gabas, inda tudu da inuwa suke, aka bar wa yamma aikin wahala. Aka buɗe wuraren fasa dutse, da dutsen nan aka daɓe lunguna aka ɗaga manyan gine-gine na tsohuwar Melbourne. A 1839 aka sa jirgin fito a kogin don masu tafiya Williamstown da Geelong, ƙauye ya tsiro a mafitar, aka sa masa suna daga wani gari a Ingila mai suna Foots Cray. Jirgin ƙasa ya iso a 1859.

Sai sana'o'in da ba wanda yake son maƙwabtaka da su suka biyo baya. Mayanka, majema, masu narka kitse su yi sabulu da kyandir, masu niƙa ƙashi su yi taki, masu haɗa sinadarai. Dukansu ruwa suke bukata, da inda za su zubar da ƙazanta, kogin kuwa ya ba su duka biyun. Babbar kasuwar shanu ta Newmarket tana tsallaken kogi, ana koro dabbobi ta gada zuwa katafariyar mayankar William Angliss da ke Footscray. An kafa masana'antar harsashi a 1888, ga masana'antar igiya ta Kinnear. Kogin ya ƙazantu ƙwarai, unguwar ta yi suna da wari. To inda wari yake haya ba ta tsada, inda masana'antu suke kuma ana ɗaukar mutum aiki ko bai iya Turanci ba. Waɗannan abubuwa biyu su suka riƙa janyo baƙo bayan baƙo. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan Italiya da Girka da Malta da Foland da tsohuwar Yugoslabiya suka cika wurin, tun kafin a ji ɗuriyar ɗan Biyetnam.

Tunda gida kake nema, bari in tsaya kan ambaliya kaɗan. Yawancin Footscray tana bisa gaɓa mai tudu, amma bakin ruwan kansa fadama ce. A ranar 14 ga Oktoba 2022 kogin ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gidaje sama da 500, akasarinsu a unguwar Maribyrnong da ke arewa da Footscray, inda kogin ya yi lanƙwasa ya kewaye wani ƙwari. An taɓa yin irinta a 1974. Idan gidan da aka nuna maka yana gangare kusa da ruwa, ka tambayi dillalin ko ruwa ya taɓa shiga, ka kuma duba taswirar ambaliya ta ƙaramar hukumar Maribyrnong. Idan yana wajen tashar jirgin ƙasa ko kasuwa, kana kan tudu.

Zuwan 'yan Biyetnam kuwa ya biyo bayan abubuwa biyu da suka faru kusa da juna. A 1973 gwamnatin Gough Whitlam ta ƙarasa rushe tsarin nan na fifita farar fata wajen karɓar baƙi, wanda ya toshe wa mutanen Asiya ƙofa tun 1901. Sai a ranar 30 ga Afrilu 1975 birnin Saigon, hedikwatar kudancin ƙasar, ya faɗa hannun sojojin arewa, gwamnatin Biyetnam ta Kudu ta rushe. Mutane suka fara gudu ta teku cikin ƙananan jiragen kamun kifi, da yawa suka halaka a hanya saboda ƙishirwa, guguwa da 'yan fashin teku. A watan Afrilu 1976 jirgi na farko ya iso Darwin, a arewacin Ostareliya, da maza biyar a ciki. Amma kada labarin jiragen ya ruɗe ka: waɗanda suka iso Ostareliya kai tsaye ta ruwa a waɗannan shekaru kimanin 2,000 ne kawai. Mafi yawa daga sansanonin gudun hijira na Malesiya da Indunusiya da Tailan da Hong Kong aka tantance su, aka kawo su ta jirgin sama, a zamanin firaminista Malcolm Fraser. Bayansu sai iyalai suka biyo ta hanyar da aka tsara ta haɗa dangi. A ƙidayar 1976 haifaffun Biyetnam a duk faɗin Ostareliya ba su kai 3,000 ba. Zuwa 1981 sun haura 40,000, zuwa 1991 sun haura 120,000.

Me ya kawo su Footscray musamman? Ruwa ba ya tsami banza. A unguwar Maribyrnong, nan kusa, gwamnati tana da babban masaukin baƙi da ake kira Midway, inda ake sauke sababbin zuwa su yi 'yan watanni suna koyon Turanci suna neman aiki. Wanda ya fita daga masaukin ba ya yin nisa. Gida mafi arha da ke kusa yana Footscray, ga jirgin ƙasa, ga masana'anta. Kuma a daidai lokacin 'ya'yan Italiyawa da Girkawa sun fara komawa sababbin unguwanni masu fili, shaguna suna zama fanko a titin Hopkins da titin Leeds da titin Barkly. Sai dai sun iso a makare ta wani fanni, domin masana'antun sun fara rufewa, ita kanta mayankar Angliss a ƙarshen shekarun 1970 ta tsaya. Mata da yawa suka koma ɗinkin kwangila a cikin gida, ana biyan su kowace riga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna kan keke har tsakar dare. Daga irin wannan kuɗi aka tara jarin gidajen abinci da shagunan gwal da na kayan miya. A shekarun 1990 unguwar ta sha fama da cinikin muggan ƙwayoyi a tituna, sunanta ya ɓaci a jaridu, aka kuma shafa wa al'ummar gaba ɗaya kashin kaji saboda laifin 'yan ƙalilan. Idan wani tsohon mazaunin Melbourne ya yamutsa fuska da ka ce Footscray za ka zauna, wancan zamanin yake tunawa.

Yanzu ga lissafi. Ostareliya tana ƙidayar jama'a duk shekara biyar. A ƙidayar 2021 Footscray tana da mutum 17,131. A wannan ƙidayar, masu amfani da Biyetnamanci a gida a duk ƙasar 320,758 ne, shi ne na uku bayan Mandarin na Sin da Larabci idan aka cire Turanci. A jihar Victoria kaɗai sun haura 100,000. Ka ga ke nan ko da kowane mai rai a Footscray ɗan Biyetnam ne, ba za su kai kashi ɗaya cikin biyar na 'yan'uwansu da ke jihar ba. Balle ma a cikin unguwar, masu Biyetnamanci a gida ba su kai ɗaya cikin biyar na mazauna ba, duk da cewa shi ne harshen da ya fi kowane yawa bayan Turanci. Wanda ya shiga gari ranar kasuwa ya ƙirga kawuna bai ƙirga mutanen garin ba.

To ina sauran suke? Iyalai da suka sami hali sun sayi gidaje masu fili can yamma, a Braybrook, Sunshine, St Albans da kewayensu, inda kasonsu a cikin jama'a ya fi na Footscray nesa. Wani babban rukuni yana Springvale a kudu maso gabas, wani a Richmond. Amma tashar Footscray mahaɗa ce: layukan Sunbury da Werribee da Williamstown duk ta nan suke bi, haka jiragen Geelong da Ballarat da Bendigo, ga kasuwa tana fuskantar tashar. Tsohuwa daga St Albans za ta hau jirgi ta zo ta sayi kifi da ganye, ta ga likitan da ke jin harshenta, ta aika kuɗi gida, ta koma. Wannan zirga-zirgar ita ke riƙe da allunan da ka gani. Gobarar da ta cinye kasuwar Little Saigon a Disamba 2016 ta yi wa wannan ciniki babban rauni, domin ita ce ta biyu a girma a unguwar, kuma ta 'yan Biyetnam ce kusan zalla.

Masu kwana a unguwar kuwa gauraye ne. Daga shekarun 1990 mutanen Habasha da Eritiriya da Somaliya da Sudan suka zo, suka kama wajen titin Nicholson, kuma a wurinsu za ka fi saurin samun naman halal da kayan yajin da hancinka ya sani. Akwai ɗalibai daga Indiya, Nefal, Bangaladash da Sin. Akwai kuma matasa ma'aikata, Turawan ƙasar, waɗanda tsadar tsakiyar birni ta koro. Kogin da ya kori masu kuɗi da wari a da, yanzu an tsabtace shi, an yi masa hanyar keke da wurin shaƙatawa, dogayen benaye sun tashi a bakinsa, haya tana hawa. Wannan shi ke sauya fuskar unguwar fiye da komai a yau. Idan za ka duba alƙaluman da kanka a shafin hukumar ƙididdiga, ka tuna abu biyu. An yi ƙidayar 2021 a watan Agusta lokacin kullen korona, iyakoki a rufe, don haka ɗaliban ƙasashen waje sun yi ƙasa da yadda aka saba. Kuma tambayar harshe amsa ɗaya tak take karɓa, gidan da ake harshe uku sai ya zaɓi ɗaya.

Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin ba duk haifaffen Biyetnam ne Biyetnamanci yake harshen gidansa ba. Cikin waɗanda suka fito a 1978 da 1979 akwai ɗimbin 'yan asalin Sin da ake kira Hoa, 'yan kasuwar unguwar Chợ Lớn ta Saigon, waɗanda aka ƙwace wa dukiya lokacin da dangantakar Biyetnam da Sin ta lalace. Su Kantonanci ko Teochew, harsunan kudancin Sin, suke yi a gida, Biyetnamanci a kasuwa. Shi ya sa za ka ga allo guda da rubutu uku. Idan ka shigo ta jirgin ƙasa daga birni, kana tsallaka kogin za ka hangi wani dogon gunki mai ruwan zinariya, tsawon mita 16, a harabar wani ɗakin bauta. Siffar Mazu ce, wadda masu addinin gargajiyar Sin suke ɗauka mai tsare matafiya a teku. Ba sai an faɗa maka dalilin da ya sa mutanen da suka tsallake teku a kwale-kwale suka kafa ta a bakin ruwa ba.

Shi kuma harshen, mutane da yawa suna zaton wani reshe ne na Sinanci. Ba haka ba ne. Danginsa su ne harshen Khmer na Kambodiya da harshen Mường na tuddan arewacin Biyetnam. Abin da ya faru shi ne Sin ta mulki ƙasar kusan shekara dubu, har zuwa 938, sannan Sinanci ya ci gaba da zama harshen fada da karatu ƙarnuka bayan haka. Don haka kalmomin ilmi da shari'a da mulki akasarinsu aro ne daga Sinanci, kamar yadda namu suke daga Larabci, amma kalmomin jiki da gona da ƙirga na gida ne. Faransa ma ta bar nata: cà phê ga kofi, ga ga tashar jirgin ƙasa, bơ ga man shanu. Masu harshen a matsayin na uwa sun haura miliyan 80.

Rubutun da ya ba ka mamaki yana da tarihi da Bahaushe zai gane nan take. Da farko da Sinanci ake rubutu. Daga baya malamai suka sarrafa haruffan Sin don su rubuta harshensu, ana kiran wannan chữ Nôm, matsayinsa kamar na ajami a wurinmu. Sai a ƙarni na 17 'yan mishan na Katolika, irin su Francisco de Pina ɗan Fotugal, suka fara rubuta harshen da haruffan Rumawa, Alexandre de Rhodes kuma ya buga ƙamus a birnin Rum a 1651. Wannan rubutu, chữ Quốc ngữ, ya daɗe a hannun coci kawai. Mulkin mallakar Faransa ya shigar da shi makarantu, aka daina jarrabawar aikin gwamnati da Sinanci a 1919, sannan masu fafutukar 'yanci da kansu suka rungume shi saboda cikin 'yan watanni manomi yana iya karatu da shi. Bambancinsu da mu shi ne su nasu ajamin ya mutu a hannun talakawa, yau sai ƙwararru ke karanta shi.

Haruffan 29 ne, babu f, j, w da z. Alamomin da ka gani iri biyu ne, kuma rashin raba su shi ke rikita baƙo. Wasu na sauya wasalin kansa: a, ă, â wasula uku ne daban, haka o, ô, ơ, haka u da ư. Mu da muke da wasula biyar, nan ne wahalarmu ta farko. Sauran alamomin na karin sauti ne. Kai ka san kuka na hawaye da kuka ta miya ba a faɗin su da murya ɗaya, ko da yake rubutunmu bai nuna ba. Su suna nunawa a kan kowace gaɓa, kuma a karin Hanoi, babban birnin ƙasar da ke arewa, sautukan shida ne. Misalin da kowane malami ke fara bayarwa shi ne ma. Ba alama, murya a miƙe: fatalwa. Mà, murya ta sauka: amma. Má, murya ta hau: kumatu, a kudu kuma uwa. Mả, ta sauka ta ɗan ɗago: kabari. Mã, ta karye a maƙogwaro ta hau: doki a kalmomin aro. Mạ, ta faɗi gajeriya da nauyi: dashen shinkafa. Namu karin hawa da sauka ne tsakanin gaɓa da gaɓa, nasu kuwa murya tana lanƙwasa a cikin gaɓa guda, har da maƙure maƙogwaro. Amma kunnen da ya saba da cewa murya tana sauya ma'ana ya riga ya yi rabin tafiya, abin da Bature yake shafe watanni bai yarda da shi ba.

Akwai wata garaɓasa da ba kowa ya sani ba. Harafin đ mai sanda, yadda suke furta shi kusan ɗ ɗinmu ne, b ɗinsu kuma kusan ɓ. Kh kamar خ ne, g kamar غ, wanda duk ya yi makarantar allo ya iya su. Ph shi ne f, x kuma s. Inda za ka yi tuntuɓe shi ne ng a farkon kalma, kamar a sunan Nguyễn, da kuma baƙaƙen ƙarshe. Bakin Bahaushe yana son rufe kalma da wasali, sai ka ji ka ce "Biyeti" a maimakon Việt. Su kuwa suna kai harshe wurin t ɗin su tsaya cak, ba sa sakin iska. Nahawun ba ya wahalarwa: aikatau ba ya sauya siffa, ba jinsi, ba jam'i mai rikitarwa irin namu. Ana sa đã don abin da ya wuce, đang don wanda ake ciki, sẽ don mai zuwa, kuma sau da yawa ana barin su idan zancen ya fito.

Ka lura da wannan idan za ka sayi littafi ko ka sauke manhaja: yawancinsu karin Hanoi suke koyarwa, amma tsofaffin Footscray akasarinsu mutanen kudu ne. A kudu sautuka biyar ne, mả da mã sun zama ɗaya. Harafin d marar sanda z ne a arewa, y ne a kudu. Uba da uwa bố da mẹ ne a arewa, ba da má a kudu. Alade lợn ne a arewa, heo a kudu. Za ka ji karin arewa ma, daga iyalan da suka yi hijira zuwa kudu a 1954 lokacin da aka raba ƙasar, yawancinsu Katolika, da kuma ɗalibai da ma'aikatan da suka zo kwanan nan. Kuma kalmomi suna ɗauke da ciwon yaƙi. Tun 1976 sunan birnin Saigon a hukumance Ho Chi Minh ne, amma a Footscray Sài Gòn za ka ce. Tutar da za ka gani a bukukuwan al'ummar rawaya ce mai jan layi uku, ta tsohuwar Biyetnam ta Kudu. Har wasu kalmomin yau da kullum sun rabu: tsoho zai ce phi trường ga filin jirgin sama, yaron da ya taso a Biyetnam ta yau ya ce sân bay, kuma kowannensu ya san abin da zaɓin ɗan'uwansa yake nunawa. Kai baƙo ne, ba ruwanka da shiga tsakani, amma kada ka ja dattijo da hirar siyasar ƙasarsu sai in shi ya fara. Wasu sun yi shekaru a tsare a sansanonin gyaran hali bayan yaƙin, wasu sun bar 'ya'ya a teku.

Abin da ya fi burge ni a harshen, kuma nake ganin shi ne zuciyarsa, shi ne yadda ake kiran mutum. Ba a cika amfani da "ni" da "kai" tsirara ba. Da sunan dangantaka ake magana, ko da ba a haɗa jini ba. Namijin da ya ɗan girme ka anh, wato wa; macen da ta ɗan girme ka chị, wato ya; wanda ka girma em. Sa'ar goggonka cô, sa'an ƙanin mahaifinka chú, wanda ya girmi mahaifinka bác, tsoho ông, tsohuwa bà. Mu ma muna cewa Yaya, Baba, Goggo ga wanda ba danginmu ba, amma su sun wuce nan, domin kai ma sai ka sauya sunan kanka. Gaban chị kai em ne, gaban bà kai con ne ko cháu, wato ɗa ko jika. Yaro ba zai ce wa uwarsa "ina son ki" ba, sai dai "ɗa yana son uwa". Shi ya sa suke saurin tambayar shekarunka, ba don shisshigi ba, sai don su san inda za su ajiye ka a magana. A sunaye kuma na dangi ke zuwa farko, na yanka a ƙarshe, kuma da na yankan ake kiran mutum ko minista ne, tunda Nguyễn kaɗai ya kusa kashi biyu cikin biyar na al'ummar.

Wannan tsarin shi ne abin da yake fara zubewa a bakin yaran da aka haifa a can, kuma shi ya fi damun iyaye. Masanin harsuna Michael Clyne, wanda ya daɗe yana bin alƙaluman ƙidayar Ostareliya, ya nuna cewa haifaffun Biyetnam suna cikin waɗanda suka fi kowa riƙe harshensu a gida. Alƙaluman 2021 ma sun nuna alamar haka: haifaffun Biyetnam 257,997 ne, masu harshen a gida sun fi su da sama da 60,000, ga shi wasu daga cikin haifaffun Kantonanci suke yi. Ke nan 'ya'ya da yawa sun karɓa. Amma takardar ƙidaya ba ta tambayar zurfi. Yaron da yake jin "zo ka ci abinci" ya amsa da Turanci, an ƙirga shi. Jika kuwa sau da yawa gaisuwa da sunayen abinci suka rage masa, kakarsa tana zaune gida ɗaya da shi ba su iya doguwar hira.

Al'ummar ba ta zauna ta zuba ido ba. Akwai makarantun Asabar a ɗakunan bauta da coci-coci, gidan rediyon SBS yana da shirye-shirye da harshen, ana iya ɗaukar sa a jarrabawar kammala sakandare ta jihar, ana kuma bikin sabuwar shekara ta Tết a tituna. Wata makarantar firamare ta gwamnati a tsakiyar Footscray ta shafe shekaru tana koyar da darussa da Turanci da Biyetnamanci tare, abin da ba a cika samu ba a ƙasar. A 2020 aka sanar da cewa za a maye gurbinsa da Italiyanci, aka kafa hujja da ƙarancin ƙwararrun malamai, iyaye suka yi ta koke ba a janye ba. A ganina an yi asara. Harshen da yaro zai fita ƙofar makaranta ya ji ana ciniki da shi, ya gwada a bakin mai sayar da burodi, ya fi saurin kama shi fiye da wanda sai a aji kawai zai ji. Idan malamai suka yi ƙaranci a jihar da ke da masu harshen sama da 100,000, horar da su ya kamata a yi. Kuma kai da za ka tafi da yara, wannan labarin ya shafe ka kai tsaye: 'yan Biyetnam da suke da kasuwa da rediyo da makarantun Asabar suna wannan fama, to Hausar 'ya'yanka a Melbourne ba ta da kowa sai kai da mahaifiyarsu. Ku yi musu ita a gida tun ranar da kuka sauka, ku kuma nace su amsa da ita.

Koyon Biyetnamanci dai ba dole ba ne, amma 'yan kalmomi za su yi maka amfani, musamman wajen abinci. Gaisuwa chào ce a haɗa da sunan dangantaka: chào cô ga matar da ta kai goggonka, chào chú ga dattijo, chào anh ko chào chị ga na kusa da shekarunka. Godiya cảm ơn. Dạ, wanda 'yan kudu ke furtawa kamar "ya", ita ce amsar ladabi da ake fara magana da ita gaban babba. Bao nhiêu, nawa ne. A takardar abinci bò naman shanu ne, gà kaza, cá kifi, tôm jatan lande, chay kuma abincin da ba nama, wanda mabiya addinin Buddha suke ci, ana samun gidajen da shi kaɗai suke dafawa. Heo ko lợn alade ne, kuma ka sani idan aka rubuta thịt, wato nama, ba a faɗi na mene ne ba, galibi alade ake nufi. Burodin nan nasu mai suna bánh mì yawanci ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade ko da kaza ka ce a sa maka, romon wasu miyoyin ma da ƙashin alade ake dafa shi. Ka tambaya: có thịt heo không, akwai naman alade? Idan aka ce không, babu. Idan aka ce có, akwai. Naman shanu da kajin kuma ba lalle yankan Musulmi ba ne, sai inda aka rubuta halal a ƙofa.